THC: Sinadarin Maye na Tabar Wiwi da Matsayinsa a Likitanci

Tabar wiwi tana ɗauke da sinadarai fiye da 100 na dangi guda, amma ɗaya daga cikinsu ne ke haddasa mafi yawan mayen da mai shanta ke ji, wato THC. Ya fi taruwa a cikin danƙon da ke lulluɓe da furen macen shukar, kuma a ɗanyen ganye ba ya sa maye sosai, sai zafin wuta ko na dafuwa ya taɓa shi sannan ya rikiɗa.

A shekarar 1964 ne Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tace shi, suka kuma bayyana ƙirarsa a Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila. Daga nan masana suka shiga neman dalilin da ya sa sinadarin shuka yake samun mazauni a ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Amsar ta zo a hankali. An gano wasu gurabe a jikin ƙwayoyin jijiya, waɗanda ake kira CB1, sannan a 1992 aka gano cewa jiki da kansa yana samar da wani sinadari mai suna anandamide da ke zama a waɗannan gurabe. Ashe THC tamkar baƙon mabuɗi ne da ya dace da kwaɗon gida. Da yake guraben sun yawaita a sassan da ke kula da tunawa, da motsi, da jin zafi, da sha'awar abinci, shi ya sa mai maye yake manta abin da ya faɗa yanzu-yanzu, lokaci ya yi masa tsawo, yunwa kuma ta taso masa.

Wannan yunwar da kuma kwantar da tashin zuciya su ne suka fara kai sinadarin asibiti. A 1985 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da dronabinol, wato THC da aka haɗa a ɗakin gwaji, domin masu ciwon daji da amai ya galabaita bayan karɓar maganin kashe ƙwayoyin dajin, wato chemotherapy. A 1992 aka faɗaɗa amfaninsa ga masu cutar ƙanjamau da suka rame saboda rashin cin abinci. A 2010 kuma Birtaniya ta ba da izinin Sativex, maganin fesawa a baki da ya haɗa THC da CBD, wani sinadarin na wiwi, domin sassauta ƙagewar tsoka ga masu cutar MS, wadda ke lalata rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka.

Game da ciwon da ya daɗe yana cin jiki, musamman na jijiya, akwai hujja cewa wasu marasa lafiya suna samun sauƙi, sai dai sauƙin matsakaici ne. Batun hawan jinin ido kuwa an fi zuzuta shi fiye da kima, domin THC yana rage matsin ruwan ido na awa 3 zuwa 4 ne kawai, alhali cutar tana buƙatar kulawa dare da rana. Haka nan maganin farfaɗiyar yara da aka amince da shi a Amurka a 2018 na CBD ne, wanda ba ya sa maye, kuma kuskure ne a jingina nasararsa ga THC.

Abin da ya raba waɗannan magunguna da naɗin da ake zuƙa shi ne awo. Likita ya san adadin da ke cikin kowace ƙwaya, yana farawa da kaɗan, yana lura da jiri da bugun zuciya. Hanyar shan ma tana da tasiri, domin hayaƙi yana aiki cikin mintuna, amma abin da aka haɗiye yakan kai awa 2 kafin ya nuna ƙarfinsa, kuma a wannan jiran ne mutane ke ƙarawa har su wuce gona da iri.

Kusan mutum 1 cikin 10 na masu shan wiwi yakan kamu da jarabarta, kuma haɗarin ya fi girma ga wanda ya fara tun yana matashi, lokacin da ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa ba. Yawan shan mai ƙarfi yana da alaƙa da taɓin hankali, musamman ga wanda ake da cutar a danginsa, kuma likitoci suna hana mai ciki da mai shayarwa kusantarsa. Ko a Disamban 2020, da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jeri mafi tsauri na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi saboda amfaninta a magani, ta bar ta ne a cikin abubuwan da doka ke sa wa ido sosai.