Ɗan Aiken da Ba Ya Barci: Manhajar Hira da Amanar Kasuwanci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu dattawa da ke sahun gaba, malamanmu, iyaye mata, 'yan'uwa maza da mata, da matasanmu da nake hangowa can baya, sannunku da zuwa. Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Allah ya saka da alheri, ya ƙara mana zumunci a wannan ƙasa da muke baƙunta.

An ce in yi magana a kan sana'ata, wato ƙera manhajar hira, irin wadda kwastoma zai rubuta wa tambaya ta amsa masa nan take kamar mutum. Wasu na ce mata catbot. Tun da aka sanar da wannan jawabi, masu sana'a a cikinmu suke tare ni da tambaya guda: in saka ta a kasuwancina ko in bari? Ni kuwa nakan ce akwai tambayar da ta riga wannan. Manhajar nan ɗan aike ce. Ba ta barci, ba ta gajiya, ba ta ɓata rai. Amma in ka tura ɗan aike da sunanka, duk abin da ya faɗa kai ka faɗa. Ka shirya ɗaukar nauyin bakinsa?

Abin ba yau ya fara ba. A 1966, wani malami a jami'ar MIT da ke Amurka, Joseph Weizenbaum, ya rubuta wani ɗan shiri na kwamfuta ya sa masa suna ELIZA. Ba ta fahimtar komai. Kalmominka take ɗauka ta juya su ta mayar maka a matsayin tambaya. Duk da haka, shi da kansa ya ba da labarin cewa sakatariyarsa, wadda a gabanta ya yi watanni yana wannan aiki, ta fara hira da ita, can sai ta roƙe shi ya ɗan fita ya ba su wuri. Wannan abu ya tayar masa da hankali ƙwarai. Ni ma yana taɓa ni, domin ya nuna cewa ɗan Adam na saurin ba da amana ga duk abin da ya amsa masa da lafazi mai daɗi. Kwastomanka ma haka yake.

Abin da ya sauya shi ne ƙarfin na'urar. A 2017 masu bincike a kamfanin Google suka fito da wani sabon tsari na koyar da kwamfuta harshe, a ƙarshen Nuwamban 2022 kuma kamfanin OpenAI ya saki manhajar hira mai suna ChatGPT, cikin kwana biyar mutum miliyan ɗaya suka yi rajista. Daga nan kowa ya ji sunan ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar sa kwamfuta ta kwaikwayi basirar ɗan Adam. To amma ina so mu san me ke cikin tukunyar. An ciyar da waɗannan manhajoji rubutu mai ɗimbin yawa, suka koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Da haka suke jera magana, kalma bayan kalma. Ƙwarewarsu a tsara zance ce, tantance gaskiya kuwa wani aiki ne daban. Shi ya sa in ba su san abu ba, sau da yawa ba sa yin shiru, sai su ƙirƙiro amsa su faɗe ta da cikakken ƙarfin gwiwa. A 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun miƙa wa kotu shari'o'in da ba a taɓa yi ba, ChatGPT ce ta ƙaga musu su. Lauyoyi ke nan, masu sana'ar bin diddigi.

Bari in daɗe kaɗan a kan labarin da nake ganin ya fi shafarmu. A 2022 wani mutum a Kanada ya yi rashin kakarsa, yana son tafiya jana'iza. Ya shiga shafin kamfanin jiragen sama na Air Canada ya tambayi manhajar hirarsu game da rangwamen da suke yi wa masu makoki. Ta ce masa ya sayi tikiti yanzu, yana da kwana 90 ya nemi a mayar masa da rangwamen. Ya saya, ya yi tafiyarsa, ya dawo ya nema, kamfanin ya ce ƙa'idarsu ba ta yarda da neman rangwame bayan tafiya ba. Gaskiya ne kuma, a wani shafin nasu an rubuta hakan. Da magana ta kai gaban wata ƙaramar kotu a lardin British Columbia, kamfanin ya kawo hujjar cewa manhajar ita ke da alhakin maganarta. Kotun ta yi watsi da wannan a Fabrairun 2024, ta ce manhajar wani ɓangare ne na shafin kamfanin, kuma ba aikin kwastoma ba ne ya gano wane ɓangare ne ke faɗin gaskiya. Aka umarce su biya shi sama da dalar Kanada 800. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba ga kamfani irin wannan, amma labarin ya zagaya duniya. Magana zarar bunu ce, ko daga bakin mutum ta fito ko daga na'ura. Kuma ku tuna halin da mutumin yake ciki lokacin da ya yi tambayar: yana cikin jimamin mutuwa.

Saboda haka, duk wanda ya zo wurina yana son a gina masa manhajar hira, ba da kwamfuta muke farawa ba. Da littafi da biro muke farawa. Nakan ce ya koma cikin saƙonninsa na wata biyu ko uku, ya fitar da tambayoyin da aka fi maimaita masa, sannan ya rubuta amsar kowacce kamar yadda zai tsaya a kanta ko a gaban alƙali. Na taɓa aiki da wata baiwar Allah mai sayar da kaya ta intanet, tana da ma'aikata biyu. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya: in kwastoma ya ce kaya bai yi masa ba, kwana nawa yake da shi ya dawo da shi, kuma wa zai biya kuɗin aikawa? Na samu amsa uku mabambanta. Shekaru suna aiki tare ba su lura ba. Da mun ɗora manhaja a kan wannan ruɗani, da ta ƙara amsa ta huɗu. Mako biyu muka yi muna daidaita ƙa'idojinta kafin a rubuta layi ɗaya na shiri, kuma ta ce mini ko a nan aka tsaya ta ci riba.

Bayan an rubuta, sai a ɗaure manhajar da wannan rubutu. Akwai hanyar yin haka: in tambaya ta shigo, ta fara lalubo abin da ya dace daga takardun kasuwancinka, sannan ta tsara amsa daga abin da ta samo. Wannan yana rage ƙage sosai, ko da yake ba ya kawar da shi gaba ɗaya. Sai kuma a koya mata jimlar da ta fi kowacce daraja: ban san wannan ba, bari in haɗa ka da mutum. Abin da ya shafi rangwame, mayar da kuɗi, alƙawarin ranar isowar kaya, ko kwastoman da ransa ya ɓaci, ni ban yarda a bar wa na'ura ita kaɗai ba.

Kafin a buɗe ta ga jama'a kuma, a samu masu ƙiriniya su gwada ta, su yi ta ƙoƙarin kai ta su baro. In ba ku yi ba, wasu za su yi muku. A Disambar 2023 wani ya lallaɓi manhajar wani dillalin motocin Chevrolet a jihar California har ta amince ta sayar masa da sabuwar mota a kan dala 1. Ba a ba shi motar ba, amma hoton hirar ya bazu ko'ina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu tunanin sallamar ma'aikata su maye gurbinsu da manhaja, su dubi kamfanin Klarna na ƙasar Suwidin, mai harkar biyan kuɗi. A Fabrairun 2024 ya sanar cewa manhajarsa ta yi hira miliyan 2.3 a watanta na farko, aikin da ya ce ya kai na ma'aikata 700. A 2025 shugaban kamfanin ya fito ya amsa cewa sun fifita rage kashe kuɗi har ingancin hidima ya ragu, kuma dole kwastoma ya san akwai mutum a duk lokacin da ya buƙata. Manhaja ta ɗauke maka tambayar da ake yi sau hamsin a rana, domin kai ka samu sukunin sauraren wanda matsalarsa ke bukatar zuciya da hankali. A nan amfaninta yake.

Sai maganar sirri. Suna, lambar waya, adireshi da hoton takardar da kwastoma ya turo maka amana ce a hannunka. Kada ka kwafe su ka zuba a kowace manhajar kyauta ba ka san inda suke tafiya ba. A 2023 kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan wasu sun zuba bayanan sirrin aiki a ciki. Waɗanda ke kasuwanci da ƙasashen Tarayyar Turai a cikinmu, dokar kare bayanan mutane tana aiki tun Mayun 2018, dokar ƙirƙirarriyar basira kuma ta fara aiki a Agustan 2024, cikin tanade-tanadenta har da sanar da mutum cewa da na'ura yake magana. Ko babu doka ma, sa wa manhaja sunan mutum a bar kwastoma yana zaton mutum ne, yaudara ce, kuma ba tarbiyyarmu ba ce.

Abin da ake kira dabarun kasuwancin zamani, mutane na ɗauka buɗe shafi ne a kowane dandali. Ni a wurina amsa tambayoyi ne masu sauƙi da gaskiya. Ina kwastomominka suke taruwa? In a WhatsApp ne, can za ka je, tun 2018 akwai manhajarsu ta 'yan kasuwa. Amma kada ka manta haya kake a gidan wani. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida. Wanda duk hulɗarsa ke can, ranar ya rasa hanyar ko da gaida kwastomansa. Ka riƙe jerin abokan cinikinka a wuri naka, da izininsu. In za ka auna nasarar manhaja kuma, kada yawan saƙonnin da ta amsa ya ruɗe ka. Ka duba mutum nawa ne bukatarsu ta biya, nawa ne suka gaji suka tafi. Kowane mako ka zauna ka karanta wasu daga cikin hirarrakin da idonka.

Matasanmu, ku nake kallo yanzu. Waɗannan manhajoji daga rubutun da ke intanet suka koya, mafi yawansa kuwa Turanci ne, shi ya sa za ku ga suna tuntuɓe a harsunan da ba a rubuta su da yawa, har da namu. Ku gwada ku gani: wani lokaci kalmomin Hausa ne, amma ƙashin jimlar na wani harshe ne, wani lokaci ta yi wa dattijo magana kamar tsaranta. Wanda ya iya rubuta shirin kwamfuta kuma kunnensa ke jin wannan bambanci, yana da abin da 'yan kasuwa masu kwastomomi da harsuna daban-daban ke nema. Ku da kuka tashi da harshe biyu ko uku, kada ku raina wannan baiwa, kuma kada ku bar na gida ya suɓuce muku.

Na roƙi shugaba, ya kuma amince, cewa a zamanmu na gaba za mu ware awa biyu. Duk mai sana'a ya zo da tambayoyi ashirin da kwastomominsa suka fi yi masa, a rubuce, kowacce da amsarta. Matasan da ke karatun kwamfuta su zo da na'urorinsu, za mu zaunar da kowane ɗaya kusa da mai sana'a ɗaya. Akwai takarda a wurin sakatare, mai sha'awa ya rubuta sunansa da irin sana'arsa kafin ya fita.

Na gode da sauraro. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.