Yadda Ake Loda Babur Mai Taya Huɗu a Bayan A-kori-kura

Assalamu alaikum jama'a. Wannan da kuke gani a gabana babur ne mai taya huɗu, irin wanda manoma da mafarauta a Amurka ke shiga daji da gona da shi, su suna ce masa ATV. Waccan kuma a-kori-kura ce matsakaiciya mai ƙofa huɗu. A can Amurka Toyota Tacoma da Ford Ranger da Chevrolet Colorado da Nissan Frontier su ne 'yan wannan aji, mu kuwa Hilux muka fi sani, kuma girmansu kusan ɗaya ne. Yau babur ɗin nan za mu ɗora a bayanta, mu ɗaure shi, mu kai shi inda za shi, mu sauke shi.

Duk wanda ya zo mini da wannan magana, tambayarsa ta farko ita ce ko motar za ta iya ɗaukar nauyin. Nauyi shi ne mai sauƙin cikinsu. Honda Rancher mai inji 420 yawanci bai kai kilo 300 ba, Yamaha Grizzly 700 kuma ya ɗan haura 300. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, ko ka buɗe littafin motar, za ka ga iyakar abin da aka yarda ta ɗauka. Sai dai wannan adadi ya haɗa da kai kanka, da duk wanda ka ɗauko, da jarkar mai, da tsanin lodi, wato abin da ake jinginawa babur ya bi ya hau bayan motar. Hilux tana ɗaukar abin da ya kusa tan guda, amma wasu Tacoma ba su wuce kilo 500 da 'yan kai ba. Ƙarti huɗu a ciki, Grizzly a baya, ka riga ka ƙure ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsawon bodi. Ku biyo ni da tef. Bodin mota mai ƙofa huɗu kamar wannan mita ɗaya da rabi ne, wato ƙafa 5. Babur ɗin kuma daga hancinsa zuwa wutsiyarsa ya kai mita 2 da santimita 10. Ka ga ke nan ba maganar rufe ƙofar bodi. Amma awon da ya fi damuna wani ne dabam: daga hancin babur zuwa tsakiyar tayar baya, domin nan ne nauyi ke sauka. Ga shi nan, wajen mita 1 da santimita 70. Ma'ana, tayoyin baya ba a cikin bodi za su zauna ba, a kan ƙofar bodi za su zauna. In motarka mai bodin ƙafa 6 ce, ka yi sa'a, tayoyin za su sauka a ciki ko a daidai baki, ko da yake ƙofar ba za ta rufu ba duk da haka.

To me ke riƙe da wannan ƙofa? Ku matso ku gani. Wayoyi biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, a wasu motocin kuma 'yan sandunan ƙarfe masu naɗewa. Wayar an lulluɓe ta da roba, kuma a ƙarƙashin robar nan ruwa ke shiga, tsatsa ta ci ta ba ka sani ba. Lanƙwasa ta a hannu, ka duba inda robar ta tsage ko ta kumbura. In ka ga jan tsatsa, canja ta tun yau. A tsaye tana iya riƙe nauyin, amma a kan gargada babur yana tsalle yana dira, kowace dira kuwa duka ce a kan wayar. Abin da nake yi, ina shimfiɗa katakai biyu masu kauri daga cikin bodi har bakin ƙofa, daidai inda tayoyi za su bi, sai bodin ya taya ƙofar ɗaukar kaya. Akwai kuma ƙarafan tallafi da ake sayarwa don wannan aiki.

Sai faɗi. Tsakanin ƙusumbin tayoyin mota biyu da ke cikin bodi, a Hilux da tsohuwar Tacoma, mita ɗaya ne da 'yan santimita. Babur kuwa faɗinsa mita 1 da santimita 20. Sabuwar Ranger ce aka faɗaɗa wa wurin har ya ɗan haura wannan awo. A sauran, dole tayoyin gaba su hau ƙusumbin nan. Ku riƙe wannan a rai, zan dawo kansa.

Yanzu tsanin lodi. Bayan motar nan ya kusa santimita 90 daga ƙasa. In ka sa gajeren tsani, ka yi wa kanka tsauni, babur ya ɗaga kai ya dawo maka a ƙirji. Nemi wanda ya haura mita 2, in da hali mai ɗan baka a sama don kada cikin babur ya goga bakin ƙofa. Duba nauyin da aka rubuta a jikinsa, ka haɗa da naka nauyin, tunda kana kai. Katakon gini da aka jingina haka kawai, ni dai ba na hawa. Dabarar da ta fi kowace araha kuma ita ce ka nemi ɗan tudu ko gefen kwalbati, ka yi ribas har tayoyin bayan mota su sauka a kwari, bodin ya yi ƙasa, hawan ya kwanta.

Ga abin da mutane ke rainawa, kuma shi ke kai su asibiti: ɗaure tsanin da mota. Lokacin da tayoyin gaba suka hau bodi, na baya suna tura tsani baya ne. In ba a ɗaure yake ba, sai ya zame, babur ya faɗo ta baya da mai shi a ƙasa. Kowane tsani da bel ɗinsa, a maƙala a ƙarfen jan tirela ko a shasi, a ja har tsanin ya manne da ƙofa. Girgiza shi da ƙafa. In ya motsa, ba ka gama ba. Motar kuma ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya.

Kafin in hau, ga tsohuwar taya na jingina a gaban bodi, bayan gilashi. Wannan darasi da kuɗina na saye shi. Ranar da na fara lodi, na hau tsani lafiya lau, ina jin kaina gwani, sai tayoyin gaba suka tokare da ƙusumbin nan. Na ƙara totur kaɗan, shiru. Na ƙara dannawa, sai babur ya yi tsalle ya haye gaba ɗaya, kariyar gaba ta daki gilashin baya, tau! Ya zube kamar tsakuwa a kujerar baya, har cikin takalmin ƙanena da ya cire ya ajiye. Shi kuwa yana tsaye a gefe, ya ce, “Yaya, ai dai ya shiga.” Tun daga ranar ba na lodi sai da taya ko guntun gungume a gaba.

Hular kwano a kai, ko da tafiyar taku biyar ce. Saita babur sosai da tsani tun daga nesa, domin a kan tsani ba a gyara kai. Sa shi yadda tayoyin huɗu duka za su riƙa ja, a ƙaramar giya. Miƙe tsaye a kan matakai, ka ranƙwafa gaba, nauyinka ya koma kan tayoyin gaba. Totur ɗin irin waɗannan babura da babban yatsa ake dannawa, to danna shi daidai wa daida, kada ka saki a tsakiya, kada ka fizga. Ku lura da saurina, kamar mai tafiya a ƙafa. Na hau, na tsaya kafin ƙusumbi, sannan na lallaɓa shi da yatsuna a kan birki har hancinsa ya taɓa tsohuwar tayar. In gabanka na faɗuwa, kada ka hau sam. Wasu irin waɗannan babura suna da injin jan kaya mai waya a gaba, ka maƙala ƙugiyarsa a wuri mai ƙarfi a gaban bodi, ka tsaya a gefe ya ja kansa. Kuma kada kowa ya tsaya a bayan tsani, musamman yara, da ba sa rasa zuwa kallo.

An hau. Sa shi a fakin ko a giya, kulle birki, zare makulli, in yana da makunnin mai ka rufe. Bel huɗu za ka sa, irin masu hannun ɗamewa, biyu su ja gaba, biyu su ja baya, kowanne zuwa kusurwarsa. A ƙarfen jikin babur ake ɗaurewa, can ƙasa, ba a sitiyarin babur ko robar jiki ba, kuma kada bel ya danne wayar birki. Ɗame har ka ga shokazoba ta ɗan zauna. Dalili kuwa, in ya faɗa rami babur yakan nutsa ƙasa, bel ya yi sako-sako na ɗan lokaci, ƙugiya ta fita. Ragowar bel ɗin ka naɗe ka ƙulle, kada iska ta kai shi cikin taya. Tsanin ma ka tura shi ƙarƙashin babur ka ɗaure.

A hanya za ka ji motar ta canja hali. Nauyi ya koma sama da baya, sitiyari ya ɗan yi sauƙi, birki yana son fili. Ƙara iskar tayoyin baya yadda takardar jikin ƙofa ta nuna, ka shiga kwana a hankali. Bayan kamar kilomita 15, ka tsaya ka taɓa kowane bel, kusan kullum sai ka samu ɗaya ya saki. Da zarar ka bar kwalta ka hau burji, sake dubawa.

Saukewa ta fi hawa ban tsoro, saboda da baya za ka zo kuma ba ka ganin tsani sosai. Ɗaure tsanin kamar ɗazu, ka sa wani ya tsaya a gefe ya duba maka saitin tayoyi. Ribas a hankali, jiki a ranƙwafe gaba, kada ka danna totur da zarar tayoyin baya sun hau tsani, nauyinsa zai sauko da shi. In babur ɗinka mai birki rabe ne, na gaba za ka riƙe, domin taka na baya da ƙarfi kana gangarowa da baya shi ke ɗaga hancinsa sama. Ga tayoyin baya sun taɓa ƙasa, ga na gaba. Ɗan'uwa, miƙo mini bel ɗin nan mu naɗe.