Wa ya hau da ruwa saman wannan gadar?

[Hoto: gadar daga nesa, kogi na gudu a ƙarƙashinta]

Jama'a, ga gadar nan da hotonta ke ta yawo a wayoyi kwanakin nan. Sunanta Pont du Gard, tana kudancin Faransa, Rumawa ne suka gina ta a ƙarni na farko na miladiyya. Hawa uku ce, tsayinta ya kusa mita 49. Can ƙololuwa, a kan ƙananan bakunan nan, akwai magudana da aka rufe da falalen dutse. Ta nan ruwan sha ke bi.

Tambayar da ake ta yi ita ce: ba inji, ba lantarki, to wa ya hau da ruwa har can? Wasu sun ce bayi ne ke jan guga dare da rana daga kogin nan. Akwai ma wanda ya ce aikin aljanu ne. Allah ya ba aljanu haƙuri, komai aka rasa kansa sai a ce su ne.

Babu wanda ya hau da shi. Ruwan nan bai taɓa hawa ba, saukowa yake yi, tun daga inda ya ɓuɓɓugo har inda za a sha shi. Shi kuwa kogin Gardon da kuke gani a ƙasa, ba ruwansa da zancen. Ƙetare shi kawai ake son yi. Abin da ke ruɗa mu shi ne mun saba ganin tanki a saman gida, inji na tura masa ruwa daga rijiyar burtsatse, don haka duk ruwan da muka hango a sama sai mu fara neman injinsa.

[Taswira]

Ku dubi nan. Wannan ɗigon idon ruwa ne kusa da garin Uzès. Wannan kuma birnin Nîmes ne, inda ake buƙatar ruwan. Tsakaninsu, in za ka miƙe sambal, wajen kilomita 20 ne. Amma dubi yadda magudanar ta yi ta kewaye-kewaye, har tsawonta ya kai wajen kilomita 50.

To ga inda nake so ku tsaya. Idon ruwan ya fi birnin tudu, amma da mita 12.6 kacal. Wannan ɗan bambancin shi ne duk ƙarfin da suke da shi, babu wani. In ka raba shi a kan kilomita 50, kowace kilomita za ta samu wajen santimita 25. Ɗani ɗaya da ɗan ƙari ke nan. Ka yi tafiyar kilomita guda cur, ƙasa ta sauka da ɗani ɗaya. Da za a tsayar da kai a cikin magudanar, sai ka rantse a miƙe take. Ruwa ne kaɗai ya san akwai gangara, shi ma a hankali yake binta, yana fin kwana ɗaya a hanya kafin ya isa birni.

Kuma gangarar nan ba a yi mata ganganci. In ta yi yawa, ruwa ya yi gudu ya cinye yaɓen magudanar, sannan ka ɓarnatar da tsayin da za ka buƙata a gaba. In ta yi kaɗan, ruwa ya kwanta, laka ta taru. In kuwa ka kuskure wani wuri ya ɗan ɗago, ko da kaɗan ne, to nan ruwan zai tsaya yana kallonka.

[Zane: magudana ta iso bakin kwari]

Yanzu ga ku kun iso bakin kwari. In kuka bar ruwan ya gangara ciki, shi ke nan, a buɗaɗɗiyar magudana ba zai sake hawowa ɗaya gefen ba. Sai dai ku bi gefen tudu ku kewaye kwarin, abin da ya mayar da kilomita 20 ta zama 50 ke nan. Inda kewayen ba zai yiwu ba, sai ku gina wa ruwan ƙafafu ya wuce ta sama. Aikin gadar ke nan gaba ɗaya: ta hana ruwa faɗawa kwari kafin lokacinsa. An yi ta baka-baka ne don bango toshe mai wannan tsayin zai ci dutse ba na wasa ba, kuma dole a bar wa kogi da iska hanya.

In tudu ne ya tare gaba, sai a huda shi.

[Hoto: zanen kayan awo]

Da me suka auna? Da wani dogon benci na katako, wajen mita 6, an rataya masa igiyoyi masu nauyi a gefe, an kuma fafe tsakiyarsa ana zuba ruwa don a ga ko ya daidaita. Wani maginin Rum mai suna Vitruvius ya yi bayaninsa. A aza, a leƙa, a kafa sanda, a ɗauka, a matsa gaba. Haka har kilomita 50. Ni dai a wurina, waɗannan masu awon sun fi masu ɗaga duwatsun ban mamaki, sai dai su babu mai zuwa ɗaukar hoto da aikinsu.

Ba kuma kullum ake dacewa ba. A Saldae, wato Béjaïa ta Aljeriya a yau, a ƙarni na biyu, an sa ma'aikata su huda dutse daga gefe biyu su haɗu a tsakiya. Sai kowane ɓangare ya karkace, suka wuce juna ba su sani ba. Aka aika wa injiniyan soja Nonius Datus ya dawo ya gyara. A hanya ma 'yan fashi suka tare shi, suka yi masa tsirara suka ji masa rauni. Ya iso a haka, ya sake awo, ruwa ya wuce. Labarin na nan rubuce a jikin dutse.

[Zane: bututu ya sauka kwari ya hau ɗaya gefen]

Na san wani zai ce, ai ga shi nan ruwa ya hau. Haka ne, a wasu kwaruruka masu zurfi, kamar a magudanar Gier da ke kai ruwa birnin Lyon, sun zuba ruwan cikin rufaffun bututun dalma, ya sauka har ƙasa, nauyin wanda ke bayansa ya turo shi ya hau ɗaya gefen. Amma ku dubi layin nan da kyau. Bakin da yake fita ya fi bakin da ya shiga ƙasa. Ko a nan ɗin ma bai wuce tsayin da ya baro ba.

[Hotuna a jere, da sauri]

Sauran kuma a gurguje. Yawancin magudanan nan a binne suke, gadojin ɗan yanki ne kawai. Ta farko a birnin Rum, Aqua Appia, ta shekara ta 312 kafin miladiyya, kusan dukkanta a ƙarƙashin ƙasa take. Aqua Marcia ta kai kilomita 91, wajen 80 daga ciki a binne. Magudanai 11 birnin Rum ya tara. Wannan maɓuɓɓugar ta Trevi da baƙi ke jefa wa kwabbai, har gobe ruwan Aqua Virgo take sha, wadda aka gina a shekara ta 19 kafin miladiyya. Ba kuma Rumawa kaɗai ba: wannan ragowar Ainu Zubaida ce, wadda matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka gina don kawo wa alhazai ruwa daga Wadi Nu'uman zuwa Arafat. Ruwan dam ɗin Tiga ma da gangara yake isa gonakin Kadawa.

[Hoto: zagayayyen kwarmin dutse a Nîmes]

Nan ne ƙarshen tafiyar. Ruwa ya zubo cikin wannan kwarmin, ramukan nan 10 da ke jikin bango kuma bututun dalma ne ke fita ta cikinsu, zuwa wuraren ɗibar ruwa na jama'a, da gidajen wanka, da gidajen masu hali. Babu mai kashe shi, dare da rana zuba yake. A birnin Rum, Frontinus, wanda aka naɗa shugaban kula da ruwa a shekara ta 97 miladiyya, ya auna abin da ke shigowa da abin da ke isa ga jama'a, ya tarar lissafi bai daidaita ba. Da ya bincika, ashe manoma ne ke huda magudana a hanya suna ban ruwa, a cikin gari kuma ma'aikatan ruwan da kansu ke jona wa mutane bututu a ɓoye suna karɓar na goro.