Me ya sa fuskar ango ke ɓacewa a hoton ɗaurin aure?

Salamu alaikum jama'a. Ku dubi hoton nan da kyau. Ɗaurin aure ne a nan Garwa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ango yana cikin farar shadda wadda ta sha bugu, abokansa ma duk farare tas. Rigar ta fito, har aikin wuyan kana iya ƙirga zarensa. To ina fuskar mai rigar? Ta nutse cikin duhu, ko mahaifiyarsa sai ta ƙura ido kafin ta shaida shi.

Irin wannan hoton ne ya sa saƙonni ke ta shigo mini kwanan nan, duk tambaya ɗaya: wace kamara ce ke son baƙar fata? Wani daga Marwa har ya ce zai sayar da tasa, ya cika kuɗi ya sayi babba. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna.

Zargin cewa kamara ba ta son baƙar fata yana da asali, ba zan ɓoye ba. A zamanin fim, tun shekarun 1950, katin da kamfanin Kodak ke bai wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne a jiki. Amma abin da ya ci fuskar angon nan daban ne, kuma yana cikin kamarar da ke hannunka yanzu, ko ta sefa dubu ɗari ce ko ta miliyan biyu.

Kowace kamara tana da ma'aunin haske. Shi ma'aunin bai san ango ba, bai san shadda ba. Abu ɗaya aka koya masa: duk abin da ya gani, ya haɗa haskensa ya mayar da shi toka-toka, tsakanin fari da baƙi. Masu sana'a na kiranta toka mai kashi 18 cikin ɗari. Ga gwaji. Farar takarda ce wannan, na cika idon kamara da ita, na ɗauka. Kun ga abin da ya fito? Toka. Ga baƙin mayafi, na ɗauka. Toka kuma.

Yanzu ku dawo ƙofar gidan ɗaurin auren. Maza hamsin cikin fararen kaya, rana tana dukansu, shadda tana walƙiya kamar kwano. Ma'auni ya ce haske ya yi yawa, sai ya rage. Ya yi ta ragewa har farar riga ta sauko kusa da toka. Fuskar da dama ta fi riga duhu nesa ba kusa ba, ina za ta? Ta gangara can ƙasa, inda babu sauran bayani.

Maganin yana kan wannan ɗan maɓallin mai alamar ƙari da ragi. Ga shi a Canon, ga shi a Nikon, a wasu Sony kuma ƙafa ce guda a sama da ake murzawa. Da shi kake ce wa ma'auni: na ji ka, amma ƙara. Kowane mataki ɗaya ninki biyu ne na haske. Idan farin kaya ya cika hoto, fara da ƙari 1. Duba. Bai isa ba, kai shi 1 da rabi ko kusa da haka. Ku kalli fuskar tana fitowa, ga tabon salla a goshi, ga murmushin da ya ɓace ɗazu. Wanda ke aiki a kan M kuwa, wato inda mai ɗauka ke saita komai da kansa, maɓallin ba zai yi masa komai ba sai in ya bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara, tana sarrafa kanta. Shi da hannunsa zai buɗe.

A nan ne mutane ke zamewa, ku ba ni hankalinku. Wani ya ji an ce a auna fuska kawai, sai ya juya kamara zuwa awon ɗigo, mai auna ɗan wuri ɗaya kawai, ya ɗora ɗigon a kumatun ango, ya danna. Me ma'auni zai yi? Aikinsa na kullum. Zai ɗauki fatar da Allah ya yi ta da duhunta mai kyau ya ja ta zuwa toka. Ga sakamakon: fuska ta yi fari-fari kamar an shafa mata habɗi, riga kuma ta ƙone, aikin da maɗinki ya kwana uku yana yi ya zama farin fili. Don haka in ɗigo ka ɗora a kan fata mai duhu, ragewa za ka yi, kamar kashi biyu cikin uku na mataki, wani lokaci mataki guda, gwargwadon mutumin. In ka bar kamara ta auna taron fararen kaya gaba ɗaya, ƙari. In ka auna fuska ita kaɗai, ragi. Maɓalli ɗaya ne, abin da ka nuna wa ma'auni shi ke faɗa maka ɓangaren da za ka murza.

Akwai tsohuwar dabara da nake so ƙwarai. Ka sa tafin hannunka cikin hasken da ke kan mutumin, ka auna shi, ka ƙara kusan mataki ɗaya, ka kulle. Tafin hannunka na ce, kada ka je auna na amarya, ya sha lalle, zai ruɗa ka.

Kuma kada ka yarda da abin da allon bayan kamara ke nuna maka a tsakar rana. Ranar Garwa a watan Afrilu ba ta barin ido ya ga gaskiya. Kunna gargaɗin nan da ke sa inda ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa. In ɗan sheƙin kafaɗa ne kawai ke ƙyaftawa, ƙyale shi. In gaban riga ne duka, ja baya kaɗan.

Wani lokaci ko ya ka murza, riga da fuska ba za su shiga hoto ɗaya lafiya ba, tazarar ta yi yawa. Sai ka motsa mutane. Inuwar dalbejiya, bakin zaure, gefen katanga. Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa suka zaga duniya, akasarin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana. Wani biki da na je, gwaggon amarya ta ga ina ta kai da komo, ta ce, “Ɗana, me kake nema ne?” Na ce, “Gwaggo, abin da zai mayar da haske fuskarta.” Ta shiga ɗaki ta fito da babban farantin silba na kayan gara. Ga hoton. Wannan hasken da ke ƙarƙashin idonta daga farantin yake. Har yau yana cikin waɗanda na fi so.

To, batun sayen kamara, a gurguje. Yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto, kada ya ɗauke maka hankali: hoton da za a wanke a girman takardar A4 bai buƙaci fiye da 9 ba, kuma WhatsApp matse shi zai yi in ba a matsayin takarda (Document) ka tura ba. Nemi wadda ke ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba. JPEG, hoton da aka saba turawa, hawa 256 na haske yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 yana riƙe 16,384, a cikinsu ake ceto fuskar da ta yi duhu. Nemi mai ramin katin ajiyar hoto biyu, domin ba a sake ɗaura aure saboda katinka ya lalace. Nikon D750 ta 2014 tana da su, Sony A7 III ta 2018 ma haka, har tana bin idon mutum da kanta don ya fito tar. Ni a ganina tsohuwar irin waɗannan mai lafiya ta fi sabuwar ƙarama, amma ka duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka kafin ka biya. Mai Canon 2000D ya sani ba ta da awon ɗigo, sai na yanki mai ɗan faɗi, kuma shi ma yana aiki.

Abin da ya rage a aljihu, sa shi a gilashi. Objektif, wato gilashin gaban kamara, na milimita 50 mai buɗewa sosai har f/1.8 ba shi da tsada, kuma shi zai fitar da kai daren kai amarya in wuta ta ɗauke. Batir biyu aƙalla. Lokacin hunturu, da ƙurar nan da ke tasowa daga Bodele ta Chadi, kada ka cire gilashi a waje, shiga ɗaki.

Wanda ya gwada takarda da mayafin nan a gida, ya turo mini hotunan biyu in gani.