Tsohuwar Laftof a Falo, Garau-garau a Kan Wuta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan da kuke gani kicin ɗina ne a nan Agege. Yau garau-garau za mu yi, kafin kuma ya nuna zan kai ku falo ku ga wata tsohuwar laftof da ke zaune a kan kabad, murfinta a rufe, 'yar fitila kawai ke ƙyaftawa dare da rana. Da yawanku kun tambaye ni abin da take yi a can. To, yau za ku gani.

Bari mu fara ɗora wake, shi ne mai cin lokaci. Ruwa ya tafasa, na zuba waken da na tsince na wanke, na jefa 'yar kanwa kamar ƙwayar gyaɗa. Kada ku cika ta. Kanwa tana saurin laushi da wake, amma idan ta yi yawa sai launi ya ɓaci, baki kuma ya riƙa jin wani ɗanɗano kamar na sabulu. Farin wake na sa. Waken oloyin da ake so a nan Legas yana da daɗi, sai dai zaƙinsa yana danne yaji, ni kuwa a garau-garau yajin nake son ji. Mu rufe, mu ba shi kamar minti 25.

Asalin maganar laftof ɗin nan daga Hajiyarmu ya fara. Lokacin da na zo Legas ban iya komai a kicin ba sai shayi da dafa taliya. Duk abin da zan girka sai na kira gida, ita kuma sai ta aiko mini da saƙon murya a WhatsApp, tana bayani dalla-dalla: yadda ake kaɗa kuka, lokacin da ake sa daddawa, yadda za ka gane ɗanwake ya dahu idan ya taso saman ruwa. Saƙonnin suka taru da yawa. Wata rana da yamma a cikin cunkoson shiga danfo aka zare mini waya, kuma ban taɓa kunna ajiyar kwafi ba. Wayar ba ta dame ni kamar muryar ba. Allah Ya taimaka ƙanwata tana da wasu da na taɓa tura mata, muka tsira da abin da muka tsira da shi. Daga ranar na ƙudura cewa abin da nake ji da shi zai zauna a inda hannuna ke kaiwa.

Ga laftof ɗin nan. Da hannu na biyu na saye ta a Computer Village da ke Ikeja, allonta ma akwai tabo a gefe, shi ya sa na same ta da sauƙi. Allon ba ya cikin buƙatata.

Duk lokacin da ka buɗe wata manhaja a waya, ka ga hotunanka ko rubutunka, to sau da yawa suna zaune ne a kan kwamfutar wani kamfani, a wani gini da wataƙila yake Amurka ko Turai. Irin wannan kwamfuta mai jiran a tambaye ta ta ba da amsa ita ake kira saba, wasu masu fassara su ce uwar garke. Babu wani sihiri a jikinta. Kowace kwamfuta tana iya zama saba muddin tana kunne, kuma wasu na'urori suna iya isa gare ta. Abin da na yi shi ne na maida wannan ta zama sabar gidana. Mai kamfani yana da ikon canja sharaɗinsa duk ranar da ya ga dama: Google ya rufe Google Reader a 2013 alhali mutane suna amfani da shi, a Yunin 2021 kuma ya daina ba da ajiyar hotuna kyauta ba iyaka a Google Photos. Dukiyarsa ce, yana da gaskiyarsa. Ni ma wannan tawa ce.

Za ku ce me ya sa ban sayi Raspberry Pi ba, 'yar kwamfutar nan ta Ingila mai girman tafin hannu da ta fara fitowa a 2012, wadda masu wannan sha'awa suka fi yayi? Ina sonta ƙwarai. Amma ku tuna inda muke. Pi ba ta da batir, kuma yawanci a kan katin memori take aiki. Idan aka ɗauke wuta daidai lokacin da take rubutu a katin, yana iya lalacewa, ka tashi da safe ka tarar ta ƙi tashi. Laftof kuwa da batirinta ta zo. Wuta ta tafi, ta ci gaba da aikinta. A tayar da janareta ko wutar ta dawo, ta ci gaba da caji, ko gezau. Sai dai a riƙa duba batirin lokaci-lokaci. Idan ya fara kumbura har yana ɗaga madannai, a cire shi nan take, wannan ba abin wasa ba ne.

Kuɗin wuta fa? Laftof irin wannan, allo a kashe, aiki ba nauyi, tana jan kamar wat 10. A wata guda ya kama yunit 7 da ɗan ɗoriya. Ko da farashin naira 225 a yunit da hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta sanya wa 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024, lissafin bai wuce naira 1,600 da 'yan kai ba.

Na goge Windows na sa Debian, ɗaya daga cikin dangin Linux, wanda yake nan tun 1993, kuma an san shi da rashin rawar kai. Na saita ta kada ta yi barci idan an rufe murfi. Na ce wa rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, ta ba ta adireshi ɗaya da ba ya canjawa. Ga shi a allo: 192.168.1.20. Shi ke nan ginin ya tsaya, saura kayan ɗaki.

Mu leƙa wake. Kun ga na matsa ƙwaya ɗaya ta fashe, amma tsakiyarta da sauran ƙarfi. Yanzu ne lokacin shinkafa. Idan ka jira wake ya yi luguf kafin ka zuba, kafin shinkafa ta nuna ya zama fate. Na wanke ta sau biyu, na zuba, ga gishiri, ruwa ya ɗan haura kanta kaɗan. A rage wuta.

Manhaja ta farko da na rubuta littafin girki ce. Akwai shiryayyu na kyauta masu kyau, irin su Mealie da Tandoor, na gwada su kuma na yaba. Abu biyu suka sa na rubuta tawa.

Na farko awo. Hajiya tana magana ne da gwangwanin madara, da ludayi, da tiya, da "cikin tafin hannu". Ni kuma idan na shiga kasuwa a nan, da derika ake auna mini, wato gwangwanin nan da ya samo suna daga tumatirin De Rica, ko kuma da robar fenti. Manhajojin waje giram da kofi suka fi sani. Sai na ari sikeli, na auna derika ɗaya ta wake, ta shinkafa, ta garin masara, na auna gwangwanin madara shi ma, na zuba lambobin a manhajata. Yanzu idan na ce mutum 6 ne za su ci, sai ta gaya mini derika nawa zan sayo. Kada ku ari lambobina, kowa ya auna nasa, domin tulin da wata mai awo ke yi a kan gwangwani ba shi wata ke yi ba.

Na biyun shi ya fi taɓa ni. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Na rubuta "ɗanwake" yadda ya dace, ƙanena ya zo da wayarsa ya nemi "danwake", sai a ce masa babu. Wajen kwamfuta ɗ da d haruffa ne biyu daban, kuma dabarar da manhajoji ke bi su cire alamar da ke kan haruffan Faransanci ba ta aiki a kan namu, domin lanƙwasar a jikin harafin take. A tawa manhajar layi huɗu kacal na rubuta: kafin a yi nema, a ɗauki ɗ a matsayin d, ƙ a matsayin k, ɓ a matsayin b, a nema da su, amma a nuna rubutun da lanƙwasarsa. Ranar da wannan ya yi aiki na daɗe zaune ina nema ina sake nema don daɗi.

Da Python, wani yaren rubuta manhaja, na rubuta ta, tare da wani kayan aikinsa mai suna Flask, duka-duka ba ta kai layi 300 ba. Bayanan suna cikin SQLite, wato fayil guda ɗaya tal da za ka iya kwafa a filasha kamar hoto. A ƙarƙashin kowane girki akwai maɓalli, ka danna ka ji muryar Hajiya tana bayanin wannan girkin. Ba ta da ado, launinta biyu. Mutum uku ke amfani da ita, ni da ƙanena da ƙanwata, kuma ta ishe mu.

Ta biyu ƙarama ce sosai: ina rubuta ranar da na cika tukunyar gas mai kilo 12.5 da ranar da ta ƙare, ita kuma ta yi mini kirdadon lokacin da zan sake cikawa, don kada gas ya yanke ana tsakiyar tuƙa tuwo. Ta uku littafin farashi ce. Duk satin da na je kasuwar Mile 12 sai na rubuta yadda na sayi tumatir, attaruhu, tattasai da albasa. Abin da 'yan'uwanmu 'yan gwari suka sani da ka, ni sai da na gan shi a zane: da tumatirin rani na su Kadawa da Kura ya ƙare, damina ta kankama, layin sai ya miƙe sama. Yanzu tun kafin lokacin nake sayen kwando in markaɗa, in dafa ya tsane, in ƙulla a firiza.

A ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, harkoki da yawa suka tsaya cak a Najeriya da maƙwabta. A gidan nan littafin girki ya buɗe kamar kullum, domin tafiyar daga wayata ce zuwa rauta zuwa kan kabad, ba ta fita ko ƙofar gida ba.

To idan ina waje fa, ko ƙanwata da ke Arewa? Nan ne masu farawa ke shan wahala. Yawancin layukan data na waya suna haɗa dubban mutane a kan adireshi ɗaya. Kamar gidan haya ne irin na Legas mai ɗakuna suna kallon juna: lambar gida ɗaya ce, wasiƙa ta zo bakin ƙofa ba a san ɗakin da za a kai ta ba. Saboda haka daga waje ba a iya ƙwanƙwasa wa sabarka kai tsaye. Ni wani tsari mai suna Tailscale nake amfani da shi. Yana haƙa wata ɓoyayyar hanya tsakanin na'urorin da ka amince da su kaɗai. Shawarata gare ku, ko da layinku ya ba da damar buɗe ƙofa ga duniya, kada ku buɗe tun kuna koyo. Akwai na'urorin da ba su da aiki sai zagaya intanet suna gwada ƙofofi.

Sai ajiyar kwafi, wadda saboda ita aka fara komai. Saba a gida ba ta hana ɓarawo, ba ta hana ambaliya, faifan ajiya kuma yana mutuwa ba sallama. Ƙa'idar da aka saba ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Kowane dare ƙarfe 2 laftof ɗin tana kwafe komai zuwa faifan da ke maƙale da ita, wata manhaja mai suna Syncthing kuma ta tura zuwa wayar ƙanwata. Duk wata nakan ɗauki kwafin in buɗe in tabbatar yana aiki. Imel da harkar banki kuwa ban taɓa kawo su gida ba, ban kuma ba kowa shawarar ya kawo ba. Nauyinsu ya fi ƙarfin mai sha'awa.

Abu ɗaya da Legas ta koya mini a ɓangarorin biyu shi ne danshi. Iskar da ke sa yaji ya dunƙule, kuka ta yi gudaji a leda, ita ce ke sa bakin ramukan laftof tsatsa. Yaji da kuka a kwalba mai murfin kirki suke. Laftof kuma nesa da taga, nesa da tururin kicin, an ɗan ɗaga ƙasanta iska na shiga.

Ƙamshi ya canja, ruwa ya tsotse. Ku duba, kowace ƙwaya a warware, wara-wara. A ɗaya murhun na zuba man gyaɗa, na yanka albasa ƙanana, zan bar ta ta soyu har gefenta ya yi ja, kada ta ƙone ta yi ɗaci. Yajin nan daga gida aka aiko mini shi, da citta da tafarnuwa a ciki. Na zuba abinci a faranti, mai cokali biyu, yaji a barbaɗa, ga tumatir da kokwamba a gefe.

Sati mai zuwa in Allah Ya kai mu miyar kuka za mu yi, kuma zan buɗe muku layukan nan huɗu na haruffa ku kwafa. Kafin nan bari in danna maɓallin da ke ƙarƙashin kukar ku ji abin da ya rage mana na muryar Hajiya. Ku ɗan ƙara sauti, akwai kukan kaji a bayanta, a tsakar gida ta yi maganar. Tana cewa a rage wuta tukuna, a riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da maburgi, kuma in an gama kada a rufe tukunya.