Mutum yana nan ciki, baki ne ya ƙi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Sharhinmu na yau a kan mutanen da baki ya ƙi musu ne da hanyoyin da za su isar da saƙo, kuma zai fara ne daga Afirka ta Kudu, da labarin wani mutum mai suna Martin Pistorius. A shekarar 1988, yana ɗan shekara 12, ya dawo daga makaranta yana kukan ciwon maƙogwaro. Kamar wasa ciwo ya yi ta cin jikinsa, hannu ya daina ɗaguwa, ƙafa ta daina takawa, baki ya rufe ruf. Likitoci suka rasa gane kan cutar, suka ce wa iyayensa su koma gida da shi su yi ta jinya har ta Allah ta kasance. Ashe wajen shekara 16 hankalinsa ya fara dawowa, kafin ya cika 20 ya dawo sarai. Yana ji, yana gani, yana fahimtar duk abin da ake faɗi a kansa, amma ba wanda ya sani. Kullum a kai shi gidan kula da nakasassu, a ajiye shi gaban talabijin yana kallon shirin yara ƙanana. Har ya taɓa jin mahaifiyarsa, ranar da gajiya da baƙin ciki suka kai ta maƙura, tana cewa da ma ya mutu. Ya ji da kunnensa, ba halin ko ya juya kai.

Kusan shekara goma ya yi a haka. Wata mata mai yi masa tausa ce ta lura idanunsa suna bin maganarta, ta dage sai an gwada shi. A 2001, yana da shekara 25, aka kai shi wata cibiya a Jami'ar Pretoria da ta ƙware kan nema wa marasa magana wata hanyar isar da saƙo. Aka jera masa hotuna, a ambaci abu a ce ya kalle shi. Ya kalla. Daga nan aka haɗa shi da kwamfuta mai furta abin da ya zaɓa. Mutumin da aka yanke wa ƙauna ya yi karatun jami'a a Ingila, ya yi aure a 2009, ya rubuta tarihin rayuwarsa tare da wata marubuciya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, irin kwamfutar da ta buɗe masa baki tana nan tun kafin 2001. Wanda zai tsaya ya dube shi da kyau ne aka rasa.

Yawancin na'urorin da ke taimaka wa marasa magana, daga mai araha har mai tsada, dabara guda ce a ƙarƙashinsu: a nemo gaɓa ɗaya tak da mutum yake iya motsawa da nufinsa, a mayar da motsin ya zama "e" ko "a'a". Ɗan jaridar Faransa Jean-Dominique Bauby, da jini ya buge shi a ƙarshen 1995, fatar idonsa ta hagu kaɗai ta rage masa. Sai aka jera masa haruffa, ba a tsarin abacada ba, a'a, daga wanda ya fi yawan fitowa a Faransanci zuwa wanda ya fi ƙaranci. Mai taimaka masa tana karantowa, in ta zo kan harafin da yake so sai ya ƙifta. Da ƙiftawar nan ya yi littafi sukutum, aka buga a watan Maris na 1997, kwana biyu bayan fitowarsa ya rasu. Babu waya, babu batir, takarda ce da haƙuri.

Wanda duniya ta fi sani shi ne masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking. Yana ɗan shekara 21 aka gano yana da cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin motsi ta bar tunani garau. A 1985 ciwon huhu ya kama shi a Jeniba, aka huda masa maƙogwaro don a ceci ransa, murya ta tafi ke nan. Da farko da ɗaga gira yake nuna harafi a kati. Daga baya aka ba shi manhajar da yake zaɓar kalmomi da danna wani ɗan maɓalli a hannu, yana haɗa kalma kamar 15 a minti guda, alhali ni da nake muku magana yanzu ina yin ninkin haka kusan sau goma. Da hannun ya mutu, sai aka liƙa wani ɗan abu a jikin tabarau ɗinsa mai gane motsin kumatu. Muryar da na'urar ke fitarwa da karin harshen Amurkawa take, shi kuwa Bature ne na Ingila, amma da aka kawo masa sababbi masu daɗin ji ya ƙi, ya ce wannan ta riga ta zama tasa. Kamfanin Intel, da ya daɗe yana kula da kwamfutar tasa, ya saki manhajar kyauta ga kowa a 2015.

Yanzu abin da ake yayi shi ne na'ura mai bin ido. Kyamara ce da wani haske da ido ba ya gani, tana auna inda ƙwayar ido ta fuskanta a fuskar kwamfuta. In mutum ya tsayar da kallo kan harafi na ɗan lokaci, an danna ke nan. Kamfanin Tobii na ƙasar Suwidin na cikin waɗanda suka yi fice a kanta. Sai dai kuɗinta dubban daloli ne, tana son wuta, kuma hasken rana mai ƙarfi yana rikita ta. Ku da kanku kun san yadda wannan lissafi zai kaya a Gusau ko Damagaram. Abin da ya ɗan kawo sauƙi shi ne wayar hannu: Google ya fitar da manhajar Look to Speak a 2020, wadda mutum ke zaɓar jimla da kallon dama ko hagu, Apple kuma ya sa bin ido a wayoyinsa a 2024.

Can gaba kuma akwai masu dasa na'ura a ƙwaƙwalwa. A 2023 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka shimfiɗa wasu 'yan wayoyi 253 a kan ƙwaƙwalwar wata malamar makaranta 'yar Kanada, Ann Johnson, wadda ta yi shekara 18 ba ta magana. Kwamfuta ta riƙa karanta abin da take ƙoƙarin furtawa, kalma 78 a minti, da muryar da aka kwaikwayo daga faifan jawabinta na ranar aurenta. Abin al'ajabi ne, amma har yanzu a ɗakin gwaji yake, kuma sai an buɗe ƙoƙon kai. Ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba.

Mu dawo gida. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum biliyan biyu da rabi ne ke buƙatar wani kayan tallafi, daga tabarau zuwa keken guragu, kuma kusan biliyan ɗaya ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta uku cikin ɗari ne kawai ke samu. Mu ma muna da namu marasa maganar: dattijon da hawan jini ya shanye wa jiki, matashin da haɗarin babur ya taɓa wa laka, yaron da doguwar naƙuda ko shawara ko sanƙarau ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Irin yaron nan ne wasu ke kira ɗan ruwa, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Da yawa daga cikinsu jikin ne ya ƙi biyayya, fahimtar tana nan. Gaskiya ne ba kowa ba: akwai shanyewar jikin da ke tafiya da kalmomin su kansu, har mutum ya kasa gane harafi, shi sai dai hoto. Shi ya sa ake gwadawa, ba a yanke hukunci daga bakin ƙofa.

Ku tuna yadda muke dubiya. A shigo, a gaida mai jinya, a ce "ya mai jiki?", a yi ta hirar ciwonsa da abin da boka ko likita ya ce, shi kuma yana kwance yana kallon rufi. Wa ya tambaye shi? Wataƙila ƙishirwa yake ji, wataƙila katifar ke cin bayansa, wataƙila akwai bashin da yake so a biya ko wasiyyar da yake so ya bari. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa isharar bebe, matuƙar an san ma'anarta, tana tsayawa a matsayin furuci. To kwalin sabulu ma ya isa a fara. A zana kofi, kwano, buta, gado, a rubuta "e" a gefe guda, "a'a" a ɗaya gefen. A yi yarjejeniya da shi: ƙiftawa ɗaya e, biyu a'a. Sannan a jira, kada a riga shi ƙarasa magana. Wanda ya yi makarantar allo kuwa, a rubuta masa da ajami.

Inda gizo ke saƙar shi ne harshe. Mafi yawan manhajojin nan da Turanci aka gina su, hotunan cikinsu na abincin wasu ne da gaisuwar wasu. Tsohuwar da ba ta jin Turanci me za ta yi da na'urar da ba ta san tuwo ba, ba ta san alwala ba? Hausa kuma tana da nata tarko. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko jan wasali, don haka gari na zama da gari na tuwo duk rubutu ɗaya ne, haka kuka ta miya da kuka na hawaye. Mu mun san bambanci daga zancen, ita kwamfuta sai an koya mata da muryoyin mutane masu yawa. Ga ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda in allo ya rasa su, mai son cewa ƙafa sai ya ce kafa. Ko jerin haruffa irin na Bauby, namu da harafin "a" zai fara, don shi ya fi yawa a bakin Bahaushe.

Najeriya ta sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Janairun 2019, ta kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Ita da Nijar duk sun amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu, wadda ta ambaci irin waɗannan hanyoyin sadarwa ƙarara. Amma in ana maganar aiwatarwa, keke da sanda da matakalar shiga ofis aka fi tunawa, don masu buƙatar su suna iya zuwa taro su ɗaga murya. Waɗanda muke magana a kansu yau ba sa zuwa taro. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da masana Hausa, suna da masana kwamfuta, suna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya. Allon hotuna na Hausa da za a buga a ajiye a kowane ɗakin masu shanyewar jiki bai fi ƙarfin aikin ɗaliban shekarar ƙarshe ba. Muryar Hausa a na'ura kuwa, shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin masu sa kai, kuma Hausa na ciki. Jimla kaɗan mutum zai karanta a wayarsa ya tura. Mata da dattawa su ma su karanta, da Sakkwatawa da Katsinawa da mutanen Maraɗi, don kada wata rana a ba Hajiya 'yar shekara saba'in na'ura ta buɗe baki da muryar saurayin Kano.