Amsoshin Tambayoyinku: "Baba Fasto, wane zunubi na yi?"

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, jama'ar Wusasa da Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, har da na ƙauyukan bayan dutsen Kufena da ke kama mu a 'yar rediyo mai batir. Barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku na ware yau, kuma kamar kullum, ba zan kama sunan kowa ba.

Ta farko da hannu aka rubuta ta, a takardar da aka yago daga littafin makarantar yaro. Wata uwa ce daga Tudun Wada. Ta ce: "Baba Fasto, maigidana ya rasu bara da damina, ya bar ni da yara huɗu. Ba a yi wata biyu ba danginsa suka ɗauke babur ɗinsa da takardar filin da muka saya tare. Na je wurin wani mai addu'a, ya ce akwai la'ana a gidanmu, sai na shuka iri na naira dubu hamsin kafin ta karye. Na sayar da keken ɗinkina na kai masa. Har yau shiru. Wane zunubi na yi?"

Mama, sannu. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk na zo wurin keken nan sai in tsaya.

Tambayarki tsohuwa ce. A Yahaya sura 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu, laifin wa ne, nasa ko na iyayensa? Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba. Abokan Ayuba ma sun yi ta tona, lallai sai sun gano zunubin da ya jawo masa masifa. Ki buɗe sura 42, aya 7, za ki ga su Allah ya yi fushi da su. Abin kirkin da suka yi shi ne kwana bakwai ɗin farko da suka zauna a ƙasa tare da shi, ba wanda ya ce uffan. Don haka ki sauke wannan kayan daga kanki. Mutuwar mijinki ba bulala ba ce a kanki, kuma babu wata la'ana da ke bin 'ya'yanki.

Shi kuwa wanda ya karɓi kuɗin kekenki, raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Na san ayar da irinsu ke fakewa da ita: gwauruwar Zarefat, a 1 Sarakuna sura 17, wadda ta ba annabi Iliya abincinta na ƙarshe. To, amma ki duba da kyau. 'Yar waina guda Iliya ya nema, garinta da manta kuma ba su ƙare ba har yunwar ta wuce. Bai tafi da tukunyarta ba. Kekenki shi ne tukunyar gidanki. Yesu da bakinsa, a Markus 12:40, ya yi kashedi kan masu cinye gidajen gwauraye suna rufewa da doguwar addu'a. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzo Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus cewa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi. Ba a sayen alherin Allah, ko da kwabo. Kada ki sake komawa can, kada kuma ki zargi kanki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Yanzu maganar fili. Wasu za su ce miki ki bar wa Allah. Ni kuwa ina tuna miki da gwauruwar Luka sura 18, wadda ta yi ta zarya gaban alƙali har ya gaji ya bi mata hakkinta, kuma Yesu bai kira ta marar haƙuri ba. Ki tafi wurin dattawan ikkilisiyarku, ki ce su kira dangin mijinki a zauna. Ki nemo wanda ya sayar muku da filin, da mai unguwa ko duk wanda ya yi shaida ranar da aka biya. In zaman bai yi ba, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, aikinsu ke nan, tsaya wa mata da yara marasa ƙarfi.

Ku kuma dattawa da zumuntar mata, da ku nake. A Ayyukan Manzanni sura 6, mutum bakwai aka zaɓa takanas saboda ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci. Idan muna iya haɗa kuɗin anko na bikin godiya, muna iya haɗa na keke guda.

Na san wannan hanyar da ƙafata. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya mahaifina ya rasu. Akwai wata tsohuwa a zumuntar matan cocinmu, ba ta iya karatu ba, ban taɓa jin ta yi wa'azi ba. Duk Jumma'a da almuru sai ta shigo da ƙwaryar garin dawa a rufe da faifai, ta ajiye bayan ƙofar ɗakin mahaifiyata, ta ce, "Ina gajiya?" ta juya. Shekara biyu tana haka. Mahaifiyata kan durƙusa gaban ƙwaryar nan ta yi addu'a kafin ta ɗora tukunya. A nan na fara sanin Allah yana ji.

Wasiƙa ta biyu ta waya ta shigo, daga wani saurayi a Samaru. Ya ce ya gama Jami'ar Ahmadu Bello bayan yajin aikin malamai na 2022 ya cinye masa wata takwas, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana zaune a ɗakin yayansa ba aiki. Ya ce ya daina zuwa sujada, domin duk Lahadi wani na tashi ba da shaidar samun aiki ko mota, shi kuwa ko na baiko babu. Ya rufe da cewa: "Ina fushi da Allah, wani lokaci ma nakan ji gara in huta gaba ɗaya."

Ɗana, da layinka na ƙarshe zan fara. Kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai. Yau ɗin nan ka faɗa wa yayanka, ko fastonka, ko wani babba da ka yarda da shi, da irin kalmomin da ka rubuto mini. Ka kuma ga likita. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen da ke duba masu irin wannan nauyin zuciya, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Annabi Iliya da kansa, a 1 Sarakuna sura 19, ya zauna ƙarƙashin wani itace ya roƙi mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, har sau biyu, sannan aka zo ga magana.

Fushin kuma, ka kai wa Allah shi yadda yake. Zabura 13 da "har yaushe" ta fara. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu, ba ko aya ɗaya ta murna a ƙarshenta, amma tana nan cikin Littafi Mai Tsarki. Wanda yake yi wa Allah kuka bai rabu da shi ba tukuna.

Rashin aikinka ba ma'aunin bangaskiyarka ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wane gida ne a Zariya bai ji a jika ba, na Kirista ko na Musulmi? Kuma kakanninmu a bangaskiya ba kan tabarmar jin daɗi suka same ta ba. Isawa, wato Hausawan da tun da can suke girmama Annabi Isa, da suka karɓi bishara suka taru a ƙauyen Gimi, ciwon barci ya shiga cikinsu ya yi musu mummunar ɓarna. Waɗanda suka rage ba su watsar ba. A 1929 mishan ta koma Wusasa, kuma a makarantar wurin ne Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, likitan yaran da ya shugabanci jami'arku daga 1966 zuwa 1975. Kafin takardar ɗaukar aiki ta zo, ka kama abin da hannunka ya samu: koyar da yara darasi da yamma, gyaran waya, kiwon kaji, noman rani. Manzo Bulus da duk iliminsa ɗinkin alfarwa yake yi a Koranti. Ran Lahadi kuma ka zo, ko a bencin baya ne, ko hannu wofi. Mu fastoci ma sai mu gyara: a riƙa ba wanda har yanzu yake jira damar tashi ya ce, "Ku yi mini addu'a."

Ta uku gajeriya ce. Wani dattijo daga Dan Magaji ya ce yana da hawan jini, an yi masa addu'a ya ji sauƙi, ko ya ajiye ƙwayoyin don kada ya zama mai shakka?

Baba, kada ka ajiye. Hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau ya faɗi. Luka da ya rubuta bishara likita ne. Dokta Miller da ya zo Zariya a 1905, wanda ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, shi ma likita ne, kuma masu bisharar da suka gina majami'ar St Bartholomew a Wusasa su ne suka kafa asibiti kusa da ita. Ka yi addu'arka da safe, ka sha maganinka, ka koma a gwada ka ranar da aka ba ka. In za a rage, likitanka ne zai rage.

Lokaci ya cinye mu. 'Yar'uwar da ta rubuto daga Kwangila kan shekara tara da aure ba haihuwa, wasiƙarki na hannuna, da ita za mu buɗe mako mai zuwa. Mama ta Tudun Wada, ki sake rubuto mini bayan zaman dattawan, ina so in ji yadda kuka ƙare. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.